Daga Fagen Yaƙi Zuwa Shika: Tarihin Maganin Da Ke Zubar Da Suma

Takardar wannan mako ta fito ne daga Karfi ta ƙasar Malumfashi, kuma mai ita ya roƙi a sakaya sunansa, to mun sakaya. Mun amsa masa a rediyo a gurguje tun ranar da ta iso, saboda maganar ba ta jira. Yanzu ga amsar dalla-dalla, don wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

TAMBAYA: Mai takardar ya ce yayansa manomi ne, yana kuma taɓa fataucin hatsi tsakanin Bakori da Funtuwa da Ɗandume. Tari ya kama shi tun bara, aka yi ta ba shi maganin tarin fuka wata da watanni babu sauƙi. Daga baya aka tura su asibitin koyarwa na Shika a Zariya, aka ɗauki hoto, aka ɗebi tsoka aka gwada, aka ce ciwon daji ne na huhu. Suka sayar da sa guda da buhunan masara, aka fara yi masa ƙarin ruwan nan da ake kira kemo. Kwana 16 da yin na farko ya tashi da asuba ya tarar da suma a kan matashi, da ya zo alwala ya shafa gemu sai gashi ya biyo hannu. Yanzu gida ya rabu biyu. Wasu sun ce guba aka ɗura masa, wasu sun ce sammu ne, iyaye mata kuwa sun ce kada a sake mai da shi, ga shi ranar komawa ta matso. Yana son ya sani: da gaske maganin nan guba ne? Ina asalinsa? Kuma gashin zai dawo?

AMSA: To Malam, Allah ya ba yayanka lafiya. Waɗanda suka ce guba ce ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai rabin labarin suka sani. Bari mu ɗauko shi daga tushe.

A watan Yuli na shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Jamus suka harba wata sabuwar guba a kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam. Ana ce mata mastad, kuma waɗanda suka shaƙa sun ce warinta kamar na tafarnuwa. Tana ɗaye fata, ta rufe ido, ta ƙone huhu. A 1919 wasu masu bincike na Amurka, mata da miji, Edward da Helen Krumbhaar, suka ba da rahoton abin da suka gani a gawarwakin sojojin da ta kashe. Sun tarar ɓargonsu ya ƙafe, fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin da ke tsaron jiki, sun kusa ƙarewa. Aka rubuta aka ajiye, aka yi fiye da shekara 20 ba wanda ya ci moriyar abin.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnatin Amurka ta sa masana su binciki irin wannan guba a asirce. Biyu daga cikinsu, Louis Goodman da Alfred Gilman na Jami'ar Yale, suka yi wani tunani. Akwai ciwon dajin da fararen ƙwayoyin jini ne ke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. To tun da gubar nan su take fara kashewa, me zai hana a auna ta kaɗan-kaɗan a ba mai wannan ciwo? Suka gwada a kan ɓeraye, ƙari ya motse. A watan Agusta na 1942 aka yi wa mutum na farko allurarta ta jijiya. Ƙari ya cika masa wuya da hammata har haɗiya tana gagararsa, amma cikin 'yan makonni kumburin ya saɓe, ya koma cin abinci. Sai dai ciwon ya dawo, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ya rasu a watan Disamba na wannan shekara. Saboda sirrin yaƙi, ba a bayyana wa duniya wannan aiki ba sai 1946.

Ana cikin haka, ran 2 ga Disamba 1943, jiragen saman Jamus suka yi ruwan bamabamai a tashar jiragen ruwa ta Bari a Italiya. Cikin jiragen da suka tarwatse akwai na Amurka mai suna John Harvey, wanda ke ɗauke da bamabaman mastad a ɓoye. Gubar ta gauraya da mai a kan ruwa, ta taɓa mutum fiye da 600, sama da 80 suka mutu. Likitan soja da aka aika bincike, Stewart Alexander, shi ma abin da ya gani ke nan: fararen ƙwayoyin jini sun zube. Rahotonsa ya ƙara wa likitoci ƙwarin gwiwar bin wannan hanya.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A 1948 wani likita a birnin Boston, Sidney Farber, ya ba da labarin yara 16 masu ciwon dajin jini da ya ba wani magani dabam, 10 daga cikinsu suka sami sauƙi na ɗan lokaci. Kada kuma ka ɗauka aikin Turawa ne su kaɗai. A shekarun 1960, a asibitin koyarwa na Ibadan, wani likita ɗan Kamaru mai suna Victor Anomah Ngu ya yi ta jinyar yara masu ƙarin muƙamuƙi, ciwon da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Cikin magungunan da aka yi wa wannan ciwo amfani da su akwai saikilofosfamaid, wanda jikan gubar mastad ne kai tsaye, kuma sananne ne wajen zubar da gashi. Yara da dama kumburin fuskarsu ya narke, wasu suka warke sarai. A 1972 aka ba Ngu lambar yabo ta Lasker a Amurka tare da Burkitt da wasu likitoci. Ka ga ashe ƙasar nan ma da hannunta a tarihin kemo.

Yanzu mu juyo kan ciwon yayanka. A farkon ƙarnin da ya wuce ciwon dajin huhu baƙo ne ga likitoci. A 1912 wani likita a Amurka, Isaac Adler, ya tattara duk waɗanda ya samu a rubuce, suka kama 374 kacal. Abin da ya sauya lissafi shi ne sigari. Inji ya sa ta yi araha, kuma yaƙin nan da ya kawo mastad shi ne ya koya wa miliyoyin samari zuƙarta, don har cikin guzurin soja ake saka ta. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila, da Ernst Wynder da Evarts Graham a Amurka, suka nuna da ƙididdiga cewa taba ce babbar sila. Shi Graham ɗin nan labarinsa abin tunani ne. A 1933 shi ne ya fara cire wa mai ciwon daji huhu guda sukutum mutumin ya rayu. Amma shi kansa ya daɗe yana shan taba, ciwon ya kashe shi a 1957, wanda ya yi wa aikin kuwa yana nan da ransa har bayan haka. Mu nan Arewa, kamfanin taba na NTC ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, kara ya shiga kowace kasuwar ƙauye. A 2022, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin mutum miliyan 2.5 suka kamu da ciwon dajin huhu, miliyan 1.8 suka mutu. Amma fa ba duk mai ciwon ne ya taɓa shan taba ba. Hayaƙin tabar wani, da hayaƙin dizal, da daɗewa cikin hayaƙin girki a rufaffen ɗaki, duk suna cikin abubuwan da ake zargi. Saboda haka kada a tsare marar lafiya da gori.

Magungunan da ake ba mai wannan ciwo a yau kowanne da nasa tarihin. Sisfilatin daga wani farin ƙarfe mai tsada ake yin sa, filatinam. A 1965 Barnett Rosenberg na wata jami'a a jihar Michigan ya ba da labarin yadda ya saki wutar lantarki ta sandunan wannan ƙarfe cikin ruwa mai ƙwayoyin cuta, sai ya ga sun daina rabuwa, tsawo kawai suke yi. Ashe ba wutar ba ce, wani sinadari ne da ya fita daga ƙarfen. A 1978 aka amince da shi a matsayin magani, daga baya aka samo ƙanensa kabofilatin. Etofosaid kuwa asalinsa saiwar wani tsiro ne na dazuzzukan Amurka. Fakilitaksel, wanda aka fi sani da Taxol, daga ɓawon itace ne. An sassaƙo ɓawon a 1962, Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace sinadarin, amma sai 1992 aka yarda a fara ba jama'a. Shekara 30 ke nan ana aune-aune. Ka ji, Malam, har da sassaƙe da saiwa a cikin maganin asibiti. Bambancinsa da na bakin kasuwa shi ne awo. Kafin a ɗura wa yayanka an auna tsawonsa da nauyinsa, an duba jininsa da ƙodarsa.

To mece ce haɗin duk wannan da gemu? Lokacin da nake koyarwa a firamare nakan ce wa yara jikin mutum gini ne, tubalansa wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Jiki na girma ko ya gyara kansa ne ta hanyar ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Ciwon daji ƙwayoyi ne da suka ƙi jin birki, suna ta rabuwa ba dare ba rana. Shi kemo ba ya da ido, bai san wannan ta ciwo ce wannan ta lafiya ce ba. Abin da ya sani kawai shi ne ya far wa duk ƙwayar da ya tarar tana cikin rabuwa. A jikin mai lafiya kuwa akwai wurare da ke aiki da irin wannan sauri: ɓargo mai ƙera jini, da fatar cikin baki da hanji, da saiwar gashi. Shi ya sa jini kan yi ƙasa, baki ya yi gyambo, ciki ya ɓaci, gashi ya zube. Abin da ya ƙafar da ɓargon sojojin 1917 shi ne ya taɓa gemun yayanka, sai dai wancan an watsa shi ne don kisa, wannan an auna shi ne don ceto.

Kan mutum na ɗauke da gashi wajen 100,000, kuma a kowane lokaci kusan tara cikin goma suna cikin tsiro, suna ƙaruwa da kamar santimita ɗaya a wata. In magani ya bi jini ya iso saiwa, sai masaƙar ta tsaya, silin ya sirance a gindi, ya karye ko ya tuge. Wannan yakan bayyana ne mako biyu zuwa uku bayan ƙarin ruwan farko. Dubi lissafin da ka aiko: kwana 16. Bai saɓa ko kaɗan ba. Sammu ba ya bin kalandar asibiti. Kuma da yake yawanci duk kwana 21 ake komawa, zubar gashin takan faɗo daidai lokacin da ake shirin tafiya ta biyu, shi ya sa a nan ne gidaje da yawa suke karaya.

Shin zai dawo? Ga mafi yawan mutane, ƙwarai kuwa. Kai manomi ne, ka san gamba. In wutar daji ta bi ta kanta da rani sai ka ga fili baƙi ƙirin kamar ba a taɓa yin ciyawa a wurin ba, amma gindinta na nan a ƙasa, da ruwa ya sauka sai ta tofo. Haka saiwar gashi take. Akwai wasu ƙwayoyi na ajiya a cikinta da ba sa gaggawar rabuwa, saboda haka magani yakan wuce su. Bayan an gama ƙarin ruwa na ƙarshe da 'yan makonni sai ka ga wani laushin gashi kamar na jariri, cikin wata uku zuwa shida kai ya rufe. Wani nasa kan dawo da furfura, wani ya fi da laushi ko murɗewa, daga baya ya daidaita. Gaskiya akwai 'yan kaɗan da nasu ba ya cika kamar da, musamman waɗanda aka ba wani mai suna dosetaksel, ko waɗanda aka gasa musu kai da na'ura. Wannan ba sanƙon gado ba ne, ba makero ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. A ci abinci kwano ɗaya da shi, a gaisa hannu da hannu, jikoki su hau cinyarsa in dai ba su da mura ko tari.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane a layin asibiti: ka ga mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, ɗaya kansa tal, ɗaya sumarsa na nan. Ba wai na wani ya fi na wani aiki ba ne. Etofosaid da fakilitaksel da dosetaksel su ne gwanayen zubar da gashi, har gira da gashin ido da na hammata. Sisfilatin ko kabofilatin in an haɗa su da waɗansu magungunan dabam, sau da yawa rage yawan gashin kawai suke yi. Saboda haka zubar gashi ba shaidar magani na ci ba ce, rashin zubarsa kuma ba shaidar ba ya ci ba ce. Hoto da gwajin jini da sauƙin numfashi su ke faɗa.

Likitoci ba su zauna haka nan ba. Tun shekarun 1970 ake gwada ɗora wa kai ƙanƙara lokacin ƙarin ruwa, don jijiyoyi su tsuke magani kaɗan ya isa saiwa, kuma a 2015 Amurka ta amince da wata hular sanyi mai inji. Tana taimakon wasu, ba kowa ba, kuma ba abin da mutum zai yi wa kansa da ƙanƙarar mai shago ba ne. Tun farkon shekarun 2000 an fara samun ƙwayoyin haɗiya masu auna wani lahani takamaimai a cikin ƙari, a 2015 kuma aka fara ba masu ciwon huhu allurar da ke zaburar da sojojin jiki. Waɗannan ba su cika aske mutum ba, amma suna da nasu illolin, suna da tsada, kuma sai gwaji ya nuna sun dace da irin ciwon mutum.

Ga shawarata ga gidanku. Da farko, kada gemu ya yanke hukunci. Duk wanda ya noma auduga a ƙasar Funtuwa ya san ba a yi mata feshi sau ɗaya a koma gida a kwanta. Ana yi ne a jere, da tazara, in ka tsaya bayan na farko tsutsa ta dawo, kuɗin maganin farkon ma ya tafi a banza. Haka kemo yake. Sau da yawa zagaye huɗu ne zuwa shida, tazarar da ke tsakani kuma don ɓargo ya farfaɗo ne. Ba zan ɓoye maka ba, ciwon dajin huhu in an gano shi a makare ba kasafai yake warkewa ɗungurungum ba. Amma magani na iya rage ƙari, ya sassauta tari da ciwon ƙirji, ya ƙara kwanaki masu amfani da yardar Allah. Ku tambayi likita ƙarara: wannan magani don warkarwa ne ko don sassauci? In wahalar ta fi ƙarfin yayanka, likita na iya rage awo, ko ya sauya magani, ko ya ɗaga rana. In ma dainawa za a yi, shi mai jikin ne zai faɗa bayan ya ji bayanin likita, ba taron tsakar gida ba.

Na biyu, a rage sumar da almakashi ko injin aski tun kafin ta gama zuba, amma a ajiye aska da reza. A wannan lokaci jini ba ya saurin tsayawa, ƙaramin yanka kuma na iya zama babban gyambo. Don haka a ba wanzami haƙuri, babu ƙaho, babu tsaga, babu sakiya. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da dangi suka kawo, a nuna wa likita tukuna, domin hanta da ƙoda suna da aiki a gabansu. A wanke kai da sabulu marar ƙarfi, a shafa man kaɗanya, a sa hula mai laushi, in za a fita rana a ɗora malafa. Mu a nan mun ma yi sa'a, namiji da aski ƙwal-kwabo da hula ko rawani ba baƙon abu ba ne. Gemu da gira su ne masu sa a kalli mutum a sahun masallaci, to ku riga masu tsegumi, ku gaya wa liman da abokan kasuwa cewa aikin magani ne. Mata kuwa abin ya fi yi musu ciwo. Macen da ke wannan magani ta dakata da kitso mai ɗaurewa da man shafe-shafe mai zafi, ta yi ɗaurin ɗankwali mai laushi, maigida da dangin miji kuma su kama bakinsu, su kama mata.

Na uku, wanda ya fi duka: abin tsoro a kemo ba gashi ba ne, zazzaɓi ne. Wajen kwana bakwai zuwa 14 bayan kowane ƙarin ruwa sojojin jiki sukan yi ƙasa sosai. In jikinsa ya yi zafi har ma'auni ya nuna 38, ko yana rawar sanyi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya ƙara tsanani, kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a tsaya kemis. A nufi asibiti mafi kusa a daren, da katinsa a hannu, a gaya musu yana kan kemo.

Sauran jama'a kuma, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai shan taba ya daina yau, ko shekararsa nawa, domin huhu na amfana da dainawar. Tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada majina. In an sha maganin tarin fuka yadda aka ce amma ba sauƙi, ga rama, ga jini a kaki, a koma a nemi ƙarin bincike, kada a yi ta zagaye.

Malam mai takarda daga Karfi, da fatan ka gamsu. Ka karanta wa iyayenmu mata wannan a hankali, tsoronsu na ƙauna ne. Ranar komawa Shika ku yi sammako, ka riƙe masa katinsa. In gemu ya fara tofowa ka aiko mana da labari. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.